Mutuwa Rigar Kowa, Amma Kabari Fa? Tarihin Ƙungiyoyin Jana'iza na Baƙaƙen Fatar Amurka

  Yau za mu tsallaka teku zuwa Amurka, kuma maganar tamu a kan jana'iza ce. Na san wani zai ce haba, duk labaran duniya sai na mutuwa? To ku ɗan yi haƙuri ku biyo ni, domin a cikin labarin nan akwai ɓarayin gawa, akwai rigima tsakanin coci da ƙungiyoyin asiri, akwai kiɗa, har da banki.

Bahaushe ya ce mutuwa rigar kowa. Haka ne. Amma a Amurkar shekaru 300 da suka wuce, kabari bai zama rigar kowa ba. Idan kai baƙar fata ne, bawa ko ɗa, inda za a sa gawarka da yawan mutanen da za su raka ta, duk hukuma ce ke yankewa. Abin da shirin yau zai nuna shi ne yadda tsoron a wulaƙanta gawar mutum ya sa talakawa suka haɗa kai suna zuba 'yan kuɗi duk wata, da kuma abin da wannan zubin ya haifar.

Mu fara da birnin New York. A 1697 aka hana binne baƙaƙen fata a harabar cocin Trinity, wato babban cocin Turawan Ingila na garin, sai aka koma binne su a wani fili a bayan gari. A 1722 majalisar birnin ta yi dokar cewa ba za a binne bawa da dare ba, alhali dare shi ne kaɗai lokacin da bawa yake da sarari. A 1731 aka ƙara da cewa kada masu rakiyar gawar bawa su wuce mutum 12. Me ya sa? Iyayen gijin suna tsoron taro. A ganinsu duk inda bayi suka taru, ko da kuka suke yi, ana iya ƙulla tawaye.

Wannan filin ya ɓace a ƙarƙashin gine-gine har sai 1991, lokacin da ake haƙa harsashin wani ginin gwamnati a Manhattan. Aka tono ƙasusuwan mutum 419, kuma masana sun ƙiyasta cewa waɗanda aka binne a wurin sun kai 15,000. Abin da ya taɓa zukatan mutane shi ne irin kulawar da aka gani. Kusan kowa a cikin akwatinsa, an naɗe shi da likkafani, kai yana yamma ƙafa tana gabas. Akwai wata mata da aka samu da jigidarta a ƙugu, ta duwatsun ado da wuri. Ka ga mutanen da aka ƙayyade wa masu rakiya 12 ba su yarda sun jefar da nasu kamar kayan shara ba. A 2003 aka sake binne su a akwatunan katako da aka sassaƙa a Ghana.

Amma ko an binne ka, ba ka tsira ba. Makarantun koyon likitanci na wancan zamani suna buƙatar gawarwakin da ɗalibai za su feɗe, kuma babu hanyar halal da za ta ishe su. Sai ɗalibai da 'yan kwangila suka riƙa bin dare suna tone sababbin kaburbura, kuma maƙabartar baƙaƙe da ta talakawa su ne masu sauƙin shiga. A watan Fabrairun 1788 baƙaƙen New York suka rubuta wa majalisar birni koke, aka yi biris da su. Sai da abin ya fara taɓa kaburburan fararen fata sannan gari ya rikice a watan Afrilu, jama'a suka far wa asibiti suna neman likitoci, aka rasa rayuka. A jihar Georgia kuwa, kwalejin likitanci ta garin Augusta har bawa ta saya a 1852, mai suna Grandison Harris, aikinsa shi ne kawo gawarwaki daga maƙabartar baƙaƙe. A 1989 masu gyaran tsohon ginin kwalejin suka tarar da dubban ƙasusuwan mutane a ƙarƙashinsa.

To jama'a, ku riƙe wannan a ranku, shi ne mabuɗin labarin. Mutum ya sha bauta a raye, sannan yana fargabar a jefa shi ramin gayya ko a kai shi teburin fiɗa bayan ya mutu.

Yanzu mu koma birnin Philadelphia. A watan Afrilun 1787 wasu mutum biyu da aka haifa cikin bauta suka fanshi kansu, Richard Allen da Absalom Jones, suka kafa ƙungiya mai suna Free African Society. Tsarinta mai sauƙi ne, kusan kamar adashe, sai dai ba a kwasa bi da bi, sai wanda lalura ta faɗa wa. Kowane mamba zai zuba sule ɗaya a wata. Sai ka shekara kana zubi kafin ka fara cin moriya. Idan ka kwanta ciwo a tallafa maka, idan ka mutu a kula da matarka, 'ya'yanka a sa su makaranta ko a kai su koyon sana'a. Mashayi da mai tada zaune tsaye ba su da gurbi. A 1790 ƙungiyar ta nemi hukuma ta ba ta hayar wani ɓangare na maƙabartar talakawa don ta killace shi wa mutanenta.

Shekara shida da kafuwarta sai ga jarrabawa. A 1793 cutar shawara ta ɓarke a Philadelphia, ta kashe kimanin mutum 5,000 cikin mazauna kusan 50,000. Masu hali suka gudu, har gawarwaki suka rasa masu ɗauka. Wani shahararren likita, Benjamin Rush, ya ɗauka cewa cutar ba ta kama baƙar fata, sai ya roƙi Allen da Jones su kawo mutanensu. Suka zo, suka yi jinyar marasa lafiya, suka ɗauki gawarwaki suka binne. Ashe maganar likitan ba haka take ba: baƙaƙe fiye da 200 suka mutu, Allen kansa ya kwanta. Bayan annoba ta lafa, wani mai buga littattafai, Mathew Carey, ya rubuta cewa baƙaƙen sun tsawwala kuɗi sun kuma yi sata. Allen da Jones suka mayar masa da martani a rubuce a 1794, da lissafin abin da suka karɓa da abin da suka kashe daga aljihunsu. A shekarar nan dai kowannensu ya buɗe coci, kuma na Allen ne ya zama tushen ɗarikar AME da aka kafa a 1816. Wato ƙungiyar taimakon juna ta riga cocin zuwa. Zuwa 1838 irin waɗannan ƙungiyoyi sun kai kusan 100 a Philadelphia kaɗai, da mambobi fiye da 7,000.

Nan ne maganar ƙungiyoyin 'yan'uwantaka ta shigo, irin su Freemason da Odd Fellows. Na san da an ambaci Freemason abin da ke zuwa ran matasa shi ne bidiyoyin da ake yaɗawa a Facebook da TikTok. Mu ajiye wannan gefe, mu dubi abin da ke rubuce a tarihi. Ƙungiyoyi ne masu rantsuwa da alamomi da bukukuwan da ba a nuna wa bare, wannan gaskiya ne, kuma shi ya jawo musu zargi tun farko. Amma ga talakan da ya shiga, babban alkawarin da aka yi masa shi ne ba za a bar gawarsa a wulaƙance ba, ba za a bar iyalinsa da yunwa ba.

A watan Maris na 1775 wani baƙar fata mai sana'ar fata a Boston, Prince Hall, da wasu mutum 14 suka shiga Freemason ta hannun wani reshe na sojojin Birtaniya, domin rassan fararen Amurka ba sa karɓar baƙi. Da sojojin za su tafi, sai suka bar musu izini taƙaitacce. Za su iya taruwa, za su iya yin jerin gwano a ranar bikin ƙungiya, za su iya binne mamatansu bisa tsarin ƙungiya, amma ba za su ba kowa sabon matsayi ba. Kun ji ko? Cikin 'yan abubuwan da aka ba su har da jana'iza. Sai a 1784 uwar ƙungiya a Ingila ta ba su cikakkiyar takardar shaida. Haka ma baƙaƙen New York suka samu reshen Odd Fellows a 1843, ta hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa, Peter Ogden, wanda ya karɓo musu izini daga Ingila bayan fararen Amurka sun ƙi.

To yaya jana'izar take? Bari mu bi ta daki-daki, kamar yadda iyalin Kirista a kudancin Amurka suke yi a ƙarni na 19. Idan rai ya yi halinsa, a gida ake wanke gawa, mata su wanke mace, maza su wanke namiji, a shimfiɗe ta a kan wani faffaɗan katako. A gidaje da yawa a kan ɗora kwabbai a kan idanu don su rufu, a lulluɓe madubai, a tsayar da agogo. Daga nan sai zaman dare: dangi da maƙwabta su kwana tare da gawar, ana addu'a, ana waƙoƙin coci, ana cin abinci. Wannan zaman yana da amfani biyu, ta'aziyya da kuma gadi. A zamanin bauta sau da yawa da dare ake binnewa da hasken wutar itace, sai bayan makonni, ranar wata Lahadi, a yi babban taron wa'azi da kowa zai samu zuwa. Ana sa ƙafafun mamaci ta gabas, bisa imaninsu cewa ranar tashin matattu zai miƙe yana fuskantar gabas. A gaɓar tekun jihohin South Carolina da Georgia a kan ɗora wa kabari kofin da mamaci ya sha ruwa da shi na ƙarshe, da fasassun tangaran da ɓawon dodon koɗi, al'adar da masana ke dangantawa da mutanen Kongo. Har yau baƙaƙen Amurka da yawa suna kiran jana'iza da sunan komawa gida.

Idan mamacin ɗan ƙungiya ne, sai a ƙara wani babi. Sakatare zai sanar da mambobi, kuma a ƙungiyoyi da yawa wanda bai zo ba babu uzuri sai ya biya tara. Za su fito cikin baƙaƙen kaya da farar safar hannu, da tutar ƙungiya a gaba. Fasto zai yi nasa a coci, ya yi addu'a a bakin kabari, sannan ya ja baya. 'Yan Freemason sai su kewaye kabarin. Shugabansu zai ɗora wa akwatin wani farin ƙyalle na fatar ɗan rago, irin wanda magina ke ɗaurawa a gaba, wanda aka ba mamacin ranar da ya shiga ƙungiya, alamar tsabtar rayuwa. Sai kowa ya jefa ɗanyen reshen itace mai koren ganye, a asali na wani itace dangin bagaruwa, alamar cewa rai ba ya mutuwa. Haka aka yi wa shugaban Amurka na farko, George Washington, ranar 18 ga Disamba 1799: limamin coci ya yi nasa, 'yan ƙungiya suka yi nasu. Yanzu ka ƙaddara ɗan dako ko wanzami, wanda a raye ba a kiran sa da sunan girma, an raka shi da irin tsarin da aka raka shugaban ƙasa. Abin da zubin wata-wata yake saya ke nan.

Sai dai ba kowane coci ya yarda da wannan raba aiki a bakin kabari ba. Tun 1738 Paparoma Clement na 12 ya haramta wa 'yan Katolika shiga Freemason. A 1894 aka faɗaɗa hanin ya haɗa da Odd Fellows da Knights of Pythias, kuma kundin dokokin cocin na 1917 ya hana yi wa ɗan Freemason jana'izar coci sai in ya nuna tuba kafin mutuwa. Wasu ɗarikun Lutheran su ma ba sa yarda a yi bikin ƙungiya a jana'izarsu. Hujjarsu ita ce addu'ar ƙungiya tana nuna kamar kyawun hali kaɗai ya isa ceto, kuma rantsuwar asiri ba ta dace da mai bi ba. Ka ga iyali sun shiga tsaka mai wuya: miji ya shekara 20 yana zubi, matarsa tana buƙatar kuɗin, limami kuma ya ce sai dai a zaɓi ɗaya. Wani limamin Katolika a garin New Haven, Michael McGivney, ya ga yadda iyalai ke tarwatsewa idan maigida ya mutu, sai ya kafa Knights of Columbus a 1882, ƙungiya mai irin wannan tsari amma a ƙarƙashin coci. Baƙaƙen Katolika, da ba a buɗe musu ƙofa a can ba, suka kafa tasu, Knights of Peter Claver, a garin Mobile a 1909. A cocin baƙaƙe na Furotesta kuwa rigimar ba ta yi zafi ba, don sau da yawa faston shi ma ɗan ƙungiya ne. Absalom Jones da muka ambata shi ya shugabanci reshen Freemason na baƙaƙen Philadelphia da aka buɗe a 1797, Richard Allen yana ma'aji.

Yanzu mu gangara New Orleans, inda abin ya ɗauki wani salo. Gari ne mai fadama da sauro, a 1853 kaɗai cutar shawara ta kashe kimanin mutum 8,000. Ƙungiyoyin taimakon juna suka yi yawa sosai. Kowace tana da likitan da ta yi yarjejeniya da shi, da mai kantin magani, da mai shirya gawa, wasu ma da ginin kabarinsu a saman ƙasa mai ɗakuna da yawa, wanda mambobi ke shiga bi da bi. Cikin abin da ƙungiya ke biya har da 'yan badujala. A hanyar zuwa maƙabarta suna busa waƙoƙin coci a hankali, ganga tana bugawa da nauyi, ana tafiya taku ɗaya-ɗaya. Da an rabu da gawa sai kiɗa ya juya, a ɗaga lema da hankici a shiga rawa, mutanen unguwa su biyo baya, su ne ake kira layi na biyu. Ma'anar ita ce an yi kukan rabuwa, yanzu a yi murnar ya huta. Waɗannan jerin gwano suna cikin wuraren da kiɗan jazz ya yi ƙuruciyarsa, kuma Louis Armstrong, wanda aka haifa a garin a 1901, ya yi busa a irinsu tun yana matashi. Ƙungiyar Young Men Olympian Junior da aka kafa a 1884 har yau tana fitowa titi.

Ba za mu ɓoye ɓangaren da ba daɗi ba. A Charleston an kafa Brown Fellowship Society a 1790, da maƙabartarta ta kanta, amma sai 'yantattu masu hasken fata kawai take karɓa, kuɗin shiga dala 50. Masu duhun fata dole suka kafa tasu. Wariyar da aka gudo wa sai ga ta a cikin gida. Ƙananan ƙungiyoyi da yawa sun rushe idan mambobi suka tsufa tare, mutuwa ta fi zubi yawa, ko ma'aji ya yi sama da faɗi da asusu. Wanda ya gaza biya na 'yan watanni kuma yana iya rasa duk abin da ya tara. Sannan bayan yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865, da aka zaga da gawar Shugaba Abraham Lincoln a jirgin ƙasa kusan mako biyu, yi wa gawa allurar hana ruɓewa ya zama ruwan dare. Hakan ya ba dangi na nesa damar zuwa, amma ya fitar da jana'iza daga ɗakin gida zuwa hannun 'yan kasuwa, tsada ta ƙaru, gasa ta shigo.

Duk da haka, ku dubi inda kuɗin suka kai. A 1881 kamfanin inshora na Prudential ya rage abin da yake biyan baƙaƙe da kashi ɗaya cikin uku, alhali zubinsu ɗaya da na farare. Sai mutane suka ƙara rungumar nasu, naka sai naka. A Richmond akwai wata mata, Maggie Lena Walker, 'yar mai wankau, wadda ta shiga ƙungiyar Saint Luke tana shekara 14, ƙungiyar da aikinta jinya da binne mamata. Da ta karɓi ragamarta a 1899, abin da ke asusu bai kai dala 32 ba, ga bashi. Ta ce kuɗin da ake tarawa don mutuwa ai za su iya yi wa masu rai aiki. A 1903 ta buɗe bankin Saint Luke Penny Savings, ta zama mace baƙar fata ta farko da ta kafa banki a Amurka, kuma ɗaruruwan iyalai sun mallaki gidaje da rancensa. A Atlanta, Alonzo Herndon, wanda aka haifa bawa ya zama mai aski, ya sayi wata ƙaramar ƙungiyar jana'iza a 1905, ita ce ta zama kamfanin inshora na Atlanta Life.

Ƙarfin ƙungiyoyin ya fara raguwa bayan karyewar tattalin arziki ta 1929, da mambobi suka kasa zubi, sannan gwamnati ta kawo tsarin fansho da tallafi a 1935, kamfanoni kuma suka mamaye kasuwar. Amma matsalar tana nan. Yau jana'iza a Amurka tana cin kimanin dala 8,000, abin da gwamnati ke bai wa iyalin mamaci na lokaci ɗaya kuwa dala 255 ne. Shi ya sa za ka ga iyalai suna buɗe shafin neman taimako a GoFundMe kafin su iya binne nasu. Bambancin shi ne mutanen Allen da Jones tun suna da lafiya suke zubi, kuma sun san fuskokin waɗanda za su ɗauki akwatinsu.

To jama'a, a nan za mu dakata. Tambayar da zan bar muku ita ce: a ganinku limaman da suka hana bikin ƙungiya a bakin kabari sun kare addininsu ne, ko sun ƙara wa matar mamaci nauyi? Ku ajiye mana ra'ayinku a ƙasa, ku tura wa wanda kuka san yana son tarihi.